Shafi na Bakwai

Ban iya yaren da na'ura ke ji ba.
Wannan aikin wasu ne, su goma sha ɗaya,
ban san fuskar ko ɗaya ba.
Sun ƙera manhajar kunna kiɗa
suka bar ta a buɗe kamar rijiyar bakin kasuwa,
kowa ya zo da gugarsa,
wanda ya tarar igiya ta tsinke ya ƙulla.

Ni abin da na tarar, gida ne mai ɗaki arba'in
babu mai ce wa baƙo ga ƙofa.
Sai na aika musu: ina nan Yelwa,
shekara tara ina bayan kanta a shagon magani
ina rubuta "biyu da safe, ɗaya da dare."
Ku ba ni bayanin, in rubuta.
Amsa ta iso ƙarfe uku na dare,
lokacin da rana take tsaka a garin mai amsar.

Tasalla ta ce, nawa suke biya?
Na ce gayya ce.
Ta ce gayyar da ta sani ana dama fura,
wannan kuwa kai ke sayen data.
Ban da amsa. Na matso da fitila.

Mako guda na yi a kan maɓalli ɗaya,
wanda ke tsinto waƙa daga ko'ina.
Na rubuta "gauraye," na goge.
Na rubuta "barkatai," ya yi kama da zagi.
Da asuba, ina tsarki, ta faɗo mini:
kan mai uwa da wabi.

Ran kasuwa na kai wa Kawu Labbo bakin ruwa.
Memorinsa na ɗauke da waƙa ɗari shida,
rabinsu babu suna, sai lamba.
Ya ɗaure jirginsa, ya share hannu a riga,
ya bi layi da yatsa yana motsa leɓe.
"Kawai danna alamar jeri."
Ya duba sama, ya duba ƙasa.
Kwara na wucewa abinta.
Ya ce, ɗan nan, mi kaka nuhi da "kawai"?
In abin kawai ne, ni ne daƙiƙin ke nan?

Daren nan na ƙirga su.
Sha tara.
Na tsince su ɗaya-ɗaya kamar tsakuwa a shinkafa,
na sa hoto a inda suka tashi,
da jan kibiya.

Sai ga sabon zubi ya fito bayan sallah.
Sun ɗauke maɓallin daga dama, sun mai da shi ƙasa.
Shafi na bakwai ya zama ƙarya
ba tare da na taɓa shi ba.
Na yi fushi har na kife wayar,
na ci tuwo ban ce uffan ba.
Wajen sha ɗaya na sake ɗaukar hotunan.

Akwai wata takarda a can ciki, ta masu hannu a aikin.
Sunana ne na talatin da huɗu,
Arzika, an manta harafin ƙarshe.
Na iya gyarawa da kaina, ƙofar a buɗe take.
Har yau ban gyara ba.

Jiya ina jiran jirgi,
wata mai albasa ta miƙa wa yaron caji wayarta,
ta ce ta gaji da jin waƙa ɗaya tun daga Zamare.
Yaron bai ko ɗaga kai ba,
ya ce, Inna, sa mata kan mai uwa da wabi.

Na buɗe baki.
Sai Kawu ya buga inji,
hayaƙi ya tashi, kowa na neman wurin zama,
ni ma na tattare rigata na shiga.