Tiyo Biyu daga Ladipo

Warin fetur ne ya tashe ni, ba ladan ba.
Na fito tsakar gida a Agege da fitilar waya,
ga babur ɗin da Kawu Sanda ya bar mini
yana ɗigar da mai a kan siminti,
ɗis, ɗis, kamar dattijo mai ɓoye hawaye.

Na durƙusa na taɓa tiyon mai.
Ya bushe, ya tsattsage kamar faso a dunduniya.
Na ɗan lanƙwasa, ya karye ƙas, kamar ƙuli-ƙuli.
Siririn da ke bayansa,
mai zuƙo iska daga kafireta ya buɗe famfon tanki,
shi ma leɓensa ya saki.
Ashe shi ya sa injin ke tari a gosulon Ikeja,
ina ta zagin fulogi, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Na zuba gutsattsarin a aljihu, sai Ladipo.

Ikenna ya warware mini wani fari tas, kana hango cikinsa,
ya ce, "Aboki, wannan za ka ga manka yana tafiya."
Ga araha, ga kyau. Har hannuna ya kai aljihu.
Sai Baba Ramoni, da ke cin gurasa a kan tsohuwar taya,
ya girgiza kai, da Hausarsa ta zaman Sabon Gari:
"Na ruwa ne wannan, yaro.
Ba shi sati uku da fetur, zai sandare kamar kara,
ko ya narke ya aika ɓarɓashi cikin kafireta.
Nemi baƙi, mai zare a cikin namansa,
wanda aka rubuta a jikinsa cewa na mai ne."

Ya karɓi guntun da na zo da shi,
ya rufe ido ɗaya ya leƙa ramin.
"Milimita shida. Kar a ba ka takwas a ce kilif zai matse.
Rigar aro ba ta rufe katara."

Na iskan kuwa ya fi ba mu wahala.
Ba ya ɗauke da komai, amma sai mai kaurin bango,
don in injin ya zuƙa, ragon tiyo haɗe kumatu yake yi,
famfo ya ƙi buɗewa, ka tsaya cak a kan gada
ana ta yi maka oda da yare huɗu.
Baba ya toshe baki ɗaya da yatsa, ya tsotsi ɗayan.
Na farko ya lotsa. Na biyu ma.
Na uku ya tsaya da ƙafarsa.
"Shi ke nan," ya ce, ya tofar.

Kamu ɗaya na baƙin, taƙi biyu na siririn,
kilif huɗu masu sifirin.
Ikenna ya rantse faɗuwa ya yi,
yana rantsuwar yana irga kuɗin.

Da la'asar na roƙi ruwan zafi wajen Ilu mai shayi,
na tsoma bakin robar har ta yi laushi.
Na yanka daidai, ban ja ba, ban bar rara ba,
na kauce wa kan injin inda zafi yake,
na matse da filaya, fatar yatsana ta tafi tare.

Kik ɗaya, shiru. Na biyu, ya yi gyaran murya.
Na uku ya kama,
irin sautin nan na can ƙasan maƙogwaro
da nake ji daga ƙarshen layi ina yaro
in san Kawu ya dawo da burodi.

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa na kwanta.
Da asuba kwalin a bushe.
Guntun tsohon tiyon yana aljihuna har yau,
akwai shatin filayar Kawu a bakinsa.