Yatsa Biyu Ya Isa

A bayan gidana, a gefen garin Cēsis,
akwai fili taku ashirin da biyu, da ƙafata na auna,
tsakanin ɗakin itace da katangar Valdis.
Nan nake kiwon abin da ba ya kuka, ba ya neman dusa,
amma yakan hana ni barci in sanyi ya yi sammako.

Shekara talatin ina buga hatimi a gidan waya.
Yanzu wuƙar burodi ce kayan aikina,
tsohuwa, mai haƙora, wadda Ilmārs ya bari.
Da ita nake raba saiwa:
in tono uwar, in karkaɗe mata ƙasa,
in nemi ido, in yanka tsakanin ido da ido.
Ɗaya ta zama biyar.
A makaranta ba a koya mana lissafin
da rabawa ke ƙara yawa ba.

Wadda muke kira peonija, ta surukata ce.
Ta girmi aurena, ta kuma ga ƙarshensa.
In ka tashe ta daga mazauninta
sai ta yi fushi, shekara uku ba fure.
Halin mai ita sak.

Tukwane ba na saya.
Robar madara, bokitin da ya tsage,
duk abin da maƙwabta suka aje mini a bakin ƙofa.
Sunaye a tsinken askirim nake rubutawa,
da fensir, don rana na cinye tawada.
Bara dai na rikita fari da shuɗi;
akwai malamar makarantar da har yau
da ka kawai take gaishe ni.

Ranar Asabar nake fito da tebur.
Ƙarama Yuro uku, babba huɗu.
In na shiga dafa dankali, gwangwanin shayi ke tsare kasuwa.
Wata rana kuɗin su haura,
wata rana in tarar da maɓalli,
sau ɗaya ƙwai shida.
Dodon koɗi ne mai karɓar harajina,
da dare yake zuwa, ba ya ba da rasit.

A watan Nuwamba wani saurayi ya dawo,
Gatis, mai tuƙa motar katako,
tukunya a hammata, fuska a ɗaure.
"Ta mutu," in ji shi. "Don kabarin mahaifiyata na saya.
Aiki ya kai ni nesa, ban samu na dasa ba."
Kara ya yi baƙi, ganye ya narke kamar takarda a ruwa.
Na sa yatsa na kau da ƙasa kaɗan.
Ga su: idanu uku, jajaye, a rufe, kamar kan ashana.
Na ce taɓa. Ya taɓa.
"Barci take. Kada ka kai ta kusa da murhu,
sai ta sha sanyi take fure.
Sa ta a ƙasa kafin ƙasa ta daskare.
Kada ka zurfafa. Yatsa biyu ya isa."
Ya daɗe yana kallon tukunyar,
fiye da yadda ake kallon tukunya.
Sannan ya sa ta cikin rigar sanyinsa ya tafi,
bai rufe mini ƙyaure ba.

Yanzu Fabrairu. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Wanda ya leƙo ta katanga zai ce matar nan ba ta da komai.
Na zauna da littafin lissafi:
bayan taki da igiya da man zafin baya,
ribar bana ta sayi takalmin roba
da rabin itacen jin ɗumi.
Valdis ya ce, "Ausma, wahalar banza."
Ban tanka ba. Ina fere fensir.
Ɗari uku da sha ɗaya ke ƙarƙashin farin nan,
na san inda kowacce ke kwance,
ban da guda, can bayan coci,
wadda ban sani ba ko yaron ya zurfafa.