Mu Bakwai a Sawakin

Mu bakwai ne, direba na takwas,
muka bar Bur Sudan da sanyin safiya,
teku a hagunmu tana ƙyalli kamar sabuwar tasa.
Jagoranmu Makki ya ƙirga mu sau biyu
kamar mai awaki a bakin rafi,
ya ce kowa ya riƙe gorar ruwansa,
rana a nan ba ta san baƙo ba.

A ƙofar Sawakin ya ɗaga hannu.
"Garin nan ba da laka aka gina shi ba.
Daga cikin teku aka yanko dutsensa,
murjani ne, ya taɓa yin rai."
Hajiya Lantana ta shafa bango,
farin gari ya biyo yatsunta,
ta ce, "Ashe gida ma yana furfura."

Muka bi shi sahu-sahu.
Benaye sun durƙusa a kan gwiwoyinsu,
tagar katako tana lilo, babu mai leƙowa,
matakala ta hau, ta hau, ba ta tarar da ɗaki ba.
Malam Barau yana cika littafi da shekaru,
Turkawa yaushe, Masarawa yaushe.
Isufu na Maraɗi yana farautar inda hoto zai yi kyau.
Kyanwoyi suna harararmu daga kan ɓaraguzai
kamar su suka gaji gidan kwastan.

Ni ba Turkawa suka kawo ni ba.
Suna ɗaya nake ɗauke da shi:
Tanko Majemi, wan kakana,
wanda ya bar Kazaure a ƙafa
da buta, da sanda, da fatu uku na sayarwa,
ya ce sai idonsa ya ga Ka'aba.
Bayan shekara tara takarda ta zo da ajami:
"Na iso bakin ruwa."
Daga nan shiru,
kamar an aiki bawa garinsu.

Na ja Makki gefe, da Larabcina mai ɗingishi,
na tambayi inda mutanen yamma kan jira jirgi.
Ya dube ni, ya daɗe yana dubana,
sai ya ce, "Kai mutumin ina ne?"
Da Hausa.
Tsohuwar Hausa mai ƙamshin rumbu,
irin wadda kakata ta tafi da ita kushewa.
Shi ma kakansa ya iso bakin ruwa,
guzuri ya ƙare, ya yi dako, ya yi aure,
hajji ya zama baɗi,
baɗi ta zama jikoki.

"Ba ya cikin tsarin tafiya," in ji shi,
amma ya tsallaka da mu zuwa wani fili a bayan gari.
Babu bango, babu allo.
Yashi ne da gishiri, da ƙaya,
da gindin wata tukunya da ta fashe tun ba a haife mu ba.
Barau ya rufe littafinsa.
Isufu ya mai da waya aljihu.
Lantana, duk da ciwon gwiwa, ta tuɓe takalmi,
ta zauna a ƙasa ta soma Fatiha,
muka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ko ka san zuriyar wani Tanko?"
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Tanko nawa, ɗan'uwa?"

Wata mata ta dafa mana gahawa da citta,
muka sha a ƙananan kofuna muna kallon gabas.
Jidda tana can bayan ruwan,
tsallaken da jirgin sama ke yi
kafin mutum ya gama gyangyaɗi.

Da la'asar Makki ya sake ƙirga mu.
Da ya zo kaina ya rage murya:
"In ka sake zuwa, taho mini da daddawa.
Tsohuwa ta ce ta nan ba ta kai ba."