Hannun Baba

Shida saura kwata mun riga mun shimfiɗa buhu
a barandar Akawu Tanimu,
layin ma'aikatan reluwe, bayan tasha.
Duk layin shi kaɗai ke da akwatin.
Matarsa ta ɗinka masa riga da leshi,
ba a tuɓe shi sai an wanke hannu.

A murɗa, a jira.
Sai ya ɗumama tukuna, kamar tukunyar wake.
Ɗigon haske a tsakiya,
ya buɗe, ya zama yayyafi,
yayyafin ya zama mutum.

Mai labarai, hula a karkace kaɗan,
ya yi sallama.
Goggo Dije ta gyara lulluɓi ta amsa masa har da barakatuhu.
Muka tuntsire.
Ta ce ku yi ta yi, ni ba a yi mini tarbiyyar
barin baƙo a tsaye ba.

Farashin gyaɗa. Gadar da aka buɗe.
Wani malamin gona yana nuna taki a tafin hannu.
Jirgin Kafanchan ya wuce,
hoton ya girgiza, ya karye gida uku,
Mantau ya hau kwano ya juya sandar,
muna ihu daga ƙasa: haka! a'a, koma! tsaya nan!

Mu kaboyi muke jira,
dawakan Turawa da ba sa gajiya.

Kafin nan aka kawo masu gurmi.
A gefen hoton, can ƙasa ta hagu,
wani hannu ya shigo
ya janye tukunyar fure da ta tare ƙafar makaɗi.
Ƙiftawa ɗaya. Ya fita.

Ba wanda ya gani sai Inna.
Ta dafa gwiwata da ƙarfi.
Ɗan yatsan da injin masaƙar Kakuri ya gutsure,
agogon da ya tsaya tun bara
amma ba ya rabuwa da shi.
Ta ce a hankali, kamar kada akwatin ya ji:
Babanku ne.

Shekara biyu yana share ɗakin nan,
yana ɗaukar kujeru, yana naɗe waya,
ban taɓa yarda cikin akwatin yake zuwa ba.

Kaboyi suka zo suka yi ta harbi.
Ban san wa ya mutu ba.
Idona na can ƙasa ta hagu.

Goma ta wuce, aka yi taken ƙasa,
hasken ya tsuke ya koma ɗigo,
ɗigon ya daɗe kafin ya tafi.
Aka mayar wa akwati rigarsa.

Sha ɗaya muka ji ƙarar kekensa.
Mun gan ka! Mun gan ka!
Ya jingine keken, ya cire maƙalin wando,
ya ce ai Bature ma ya gan ni,
sule biyu za a yanke a albashi.

Inna ba ta ce komai ba.
Ta zuba masa ruwa a kan hannun,
ta daɗe tana zubawa.