Mai Gyaran Agogo a Taminus

Shekara goma sha ɗaya ke nan
agogon da ka bari a kan taga
yana cewa ƙarfe huɗu saura kwata.
Inna ba ta jefar ba, ba ta kuma taɓa goge shi ba.

A bayan idonka na yi tsawo.
Takalmin da ka aiko da sallar farko ya matse ni,
na sallar gaba ya zo, lambar ba ta canja ba,
kamar a wurinka ƙafata ta tsaya inda ka bar ta.
Ranar da na fara ganin jini
ƙanƙara ake zubawa a Gangare, kwanon ɗaki na ihu,
Inna na Farin Gada tana cinikin kabeji.
Ni na wanke zanena, na shanya a bayan ƙofa,
na ce wa madubi: to, kin gani.

Yau takardar jami'a ta ce:
sunan uba, sana'arsa, sa hannunsa.
Na ɗauki agogon na hau napep.

Ga ka a gindin kasuwar da ta ƙone,
hular sanyi har kunne, gilashi maƙale a ido ɗaya,
ka fi wanda nake tunawa ƙanƙanta.
Ba ka ɗago ba ka ce,
"Hajiya, batir ne ko allura?"

Ka buɗe bayansa da bakin wuƙa.
Ka ga 'yar alamar da ka karta da hannunka,
sai wuƙar ta tsaya.
Mai tallar rake ya wuce, wani ya taya wayar caji,
duniya ba ta san an yi komai ba.
Ka dubi hannun da na miƙo takardar da shi.
Hagu. Irin naka.

"Basira," ka ce, kamar mai taka dutsen rafi
bai tabbata zai ɗauke shi ba.
"Kin ci abinci?"

Maganar shekara goma sha ɗaya na ƙunso,
na jera ta a hanya tun daga Dilimi,
har da inda zan ɗaga murya.
Na ce, "Na ci."
Ban ci ba.

Ka sa hannu, biro na rawa.
Ka hura cikin agogon, ka murɗa, ya farka.
Agoguna arba'in a akwatinka, kowanne da tasa maganar,
ni ka tambaya, "Ƙarfe nawa yanzu?"
Na duba wayata na faɗa maka.

Ka ce ba ka karɓar kuɗina.
Na ajiye ɗari biyar a kan gilashin,
don ban san da wane suna zan ci bashinka ba.

Ya yi mini yawa, yana zamewa har gwiwar hannu.
Kafin in kai gida ya makara da minti biyu.
Ban gyara ba. Ban kuma cire ba.