Gicciyen Maɗaci

Gara ta cinye gicciyen majami'armu ta Dabai,
ta bar fenti a tsaye, ciki fanko.
Fasto Nehemiya ya zo rumfata ran Talata,
ya ce, "Zakka, kafin Juma'ar nan muke so.
Kada ka yi masa ado."

Na zaɓi maɗaci,
itacen da sunansa ya riga ya faɗi halinsa.
Dogo ɗaya, gajere ɗaya,
aikin da yaron shagona zai gama kafin shayi ya huce.
Amma ni, mai shekara talatin da zarto a hannu,
har la'asar ina juya katako.

Ƙusar farko ce ta tsayar da ni.
Na kafa bakinta, na ɗaga guduma,
sai idona ya faɗa tafin hannuna,
nan tsakiya, inda kanta ba ta kai ba.

Kefas ya faɗo mini a rai.

Ina ɗan shekara tara na bi gafiya da wuta
har gindin rumbun Baba Manga.
Gafiya ta tsira.
Dawar shekara guda ta tashi hayaƙi.
Da aka tara yaran unguwa ana tambaya,
harshena ya manne a ganɗa.
Yayana Kefas, da ya wuni a rafi ranar,
ya dube ni sau ɗaya, ya tako gaba,
ya ce, "Ni ne."

Tsumagiyar tsamiya goma sha biyu.
Na ƙirga su daga bayan darni.
Kowacce ta san sunana,
amma a bayansa ta sauka.
Damina biyu ya yi yana duƙe a gonar Manga,
ba golmo ba ne, babu amarya a ƙarshen kunya,
sai bashin da ba shi ya ci ba.
Bai taɓa goranta mini ba.
Da ya goranta, da na samu sauƙi.

Bara muka binne shi.
Bayan kwana bakwai na ɗora buhun dawa biyu a babur,
na kai wa Mama Briskila, matar marigayi Manga,
na durƙusa, na amayar da abin da na haɗiye shekara arba'in.
Tsohuwa ta yi dariya har da tari.
Ta ce, "Yaro, ai girarka a ƙone take ranar.
Wa ka ɓoye wa?
Mai da buhunanka gida.
Bashin da aka biya ba ya son a sake biyansa."

Tun ina ƙarami nake jin ana cewa
Yesu ya mutu dominmu.
Ina amsa amin kamar mai amsa gaisuwar kasuwa.
Yau, da ƙusa tsakanin yatsuna, maganar ta yi nauyi:
wanda ba ya nan sa'ad da aka ƙyasta ashana
shi ya tako gaba.

Sai dai nan misalina ya gaza.
Kefas ƙanensa ya rufa wa asiri, jininsa.
Wancan kuwa har mai riƙe da gudumar ya roƙa wa gafara.
Kuma a kan tudun nan, abin da ya fi ƙarfin kaina,
mai rumbun ne da kansa ya tuɓe riga
ya miƙa baya.

Na buga ƙusar.
Sau uku, ta shige.

Yarona ya kawo sanfefa, na ce ya bari.
Mai babur ya ga tsawonsa ya ƙi ɗauka,
sai na saɓa shi a kafaɗa na bi hanya,
yara suna bina, awaki suna kaucewa.
Nauyin katako kaɗai na ɗauka,
ya kuwa ishe ni haki.

Muka kafa shi da magariba.
Babu kowa a kansa; wanda ya hau ya sauka,
ramin dutse ma bai iya riƙe shi ba.
Fasto ya laluba aljihu, ya ce nawa ne.
Na ce an biya.
Ya tambaya, wa?

Ina ta ƙoƙarin cire sartse daga babban yatsana,
ban ɗago ba.