Yashin Kabala, Gishirin Teku

Shekara talatin ina nutso a Kabala,
in cika kwalekwale da yashi, tifa na jira a gaɓa,
ban taɓa tambayar kogin nan inda za shi ba.
Barira ce ta tambaya, tana 'yar bakwai,
ƙafa cikin laka, hannu riƙe da ƙaguwa:
"Baba, in ya wuce gada, ina yake kwana?"
Na ce ƙasar Nupe.
Ta ce, "Daga nan fa?"
Na ce ta je ta ɗauko min shebur.
Babba ya iya aike in ya rasa amsawa.

Ita ta bi shi.
A takarda tukuna, can Zariya,
sannan da ƙafa, har inda Kwara ke rarrabuwa
kamar yatsun hannu, ya miƙa wuya ga teku.
Ta aiko hoto: ga ta cikin taɓo har gwiwa,
tsakanin wasu itatuwa masu shan ruwan gishiri,
saiwoyi duk a waje, sai ka ce zalɓe ya naɗe wando.
Uwarta ta ce, "Duk bokon nan, a laka zai ƙare?
Ai da ta zauna gida, uban ma ita yake tonowa."

A gindin saiwoyin nan, in ji ta, kifi ke renon 'ya'ya,
jatan lande ke ɓuya,
nan igiyar ruwa ke karyewa
kafin ta kai bukkar masunci.
Shekara tara tana ƙirga su, tana aunawa,
inda gatari ya bi ta dasa, inda mai ya malala ta sake dasawa.
Sauro ya ci rabonsa. Zazzaɓi ya kayar da ita sau uku.
Wata rana a waya ta ce min ta farke cikin kifi
ta tarar da ledar fiya wata, rubutun ko gogewa bai yi ba.
Ban ce uffan ba.
Tawa ledar na hannuna a lokacin,
ina shirin jefawa.

Jiya jirgi ya sauke ta a Rigasa.
Cikin jakarta wani gilashi mai nauyi,
an sassaƙa shi tamkar ruwa ya miƙe zai faɗo,
ga sunanta, ga nawa biye da shi: Barira Ɗanjuma.
Wai masana ne suka cika ɗaki, suka tashi tsaye suna tafawa.
Maƙwabta suka cika mana tsakar gida.
Gambo tela ya juya shi gaba da baya,
ya ce, "Lambar yabo a kan kifi?
To mu da muke cinsa kullum, ina tamu?"
Har ita ta yi dariya.
Uwarta, mai maganar laka,
ta matsar da kwanukan jerenta ta ba shi tsakiya,
yau sau huɗu ke nan ina ganin tana gogewa.

Bayan la'asar muka gangara.
Ruwa ya ja baya, yara na wanke babur.
Kadojin da suka ba garin suna, rabona da su na manta.
Ta kamfato ruwa a tafin hannu,
ta ce wannan ma wata rana gishiri zai ɗanɗana.
Sannan a hankali, ba ta dube ni ba,
ta ce ramukan da muke haƙa suna cin gaɓa.
Na sani.
Yashin nan ne ya sayi littafin da ya gaya mata haka.
Muka bar maganar a nan, tsakaninmu, tana bushewa.

Na ce, "To Dakta, in ya shiga tekun,
ina yake kwana?"
Ta daɗe tana kallon ruwa.
Ta ce, "Baba, ina ka ajiye shebur ɗinka?"